Ɗan Yaya Habi

Da sunan Allah nake buɗe baki, Shi da ya ba ni murya kuma ya bar ni da ita har tsufa. Zulai, ki rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini Hausa. Ku kuma sauran 'ya'yana, Sani da Rabi, in takardar nan ta zo hannunku ku nemi wuri ku zauna kafin ku karanta. Na gaji da jin labarina a bakin mutanen da ko ruwa ba su taɓa sha a gidan nan ba. Wasu na cewa wa'azin malamai ne ya sa na bar waƙa, wasu na cewa faifai ne ya yi mini arziki na naɗe hannu. Duk zancen banza ne. Ni Talatu mai ƙwarya ta Ƙofar Jatau, wadda ta yi wa rabin matan birnin Zariya kiɗan biki, ba wa'azi ya zaunar da ni ba, ba kuma arziki ba. Abin da ya shiga tsakanina da Yaya Habi ne, kuma kuna ƙanana da hankali a lokacin ko da kuna manya da jiki, shi ya sa zan faɗa muku daga tushe.

Yaya Habi uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ita ce babba, ita ta goye ni. An kai ta Limancin Kona gidan malamai tun ina wasan ƙasa, ta zauna shekara da shekaru Allah bai ba ta haihuwa ba. Ni kuwa ina shiga gidan mahaifinku na samu ciki, na haifi namiji. Kun san yadda abin yake a garin nan a zamaninmu: ɗan fari ba na uwarsa ba ne. Ba ki kiran sunansa, ba ki kallonsa a gaban mutane, in ya faɗi ya fasa baki wata ce za ta ɗaga shi, ke sai ki ci gaba da tankaɗenki. Ranar da aka yaye shi Innarmu da kanta ta saɓa shi a baya ta kai wa Yaya. Ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban ga abin tambaya ba. Na shiga ɗaki na ɗaure ƙirjina da zane saboda nono, na fito na ɗora tukunya. Aka yi ta cewa Talatu akwai kara, ni kuma na ji daɗin yabon, don yarinya ce ni.

Sunansa ba zan faɗa ba, Zulai, ke rubuta da kanki in an zo wurin, ai kin san sunan yayanki. Ni “yaron nan” nake cewa, har ya yi gemu. Shi kuma Iya yake ce wa Yaya Habi, ni ya kira ni Talatu gatsau kamar sa'arsa, a yi dariya. Kuma ku ji da kyau, don nan ne mutane ke karkatar da magana: Yaya ta yi riƙo, riƙo na gaske. Da ƙyanda ta kama shi ita ta rame kamar ita ke ciwon. Da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta yi masa makaranta, hannunta duk ƙunar kasko. Ita ta kai shi wurin masu ɗinkin babbar riga ya koyi allura, har ya zama in an ga aikinsa a ƙirjin riga ana ganewa. Ita ta nema masa mata, ita ta haɗa lefe. Ni abin da na yi masa a duniya bai wuce in ya zo gaisuwa ran Juma'a bayan an sauko masallaci, in ƙara tsoka a kwanonsa in ba wani ya miƙa masa, ina kallon bango.

Cikin damina ciwon ciki ya kama shi, kafin a ce me ya zama na ajali. Zaman makoki a gidan Yaya aka yi, haka ya kamata. Ita ta zauna a tsakiyar tabarma mata na kewaye da ita, ni ina can bakin murhu ina raba abincin sadaka. Duk wadda ta gama yi wa Yaya gaisuwa sai ta biyo ta wurina ta ce, Talatu sai ki riƙa lallashin yayarki, kin ga shi ke nan gare ta. In ce to, Allah ya ba da lada. Ban zubar da hawaye ko ɗigo ba, don in na yi gobe garin nan kaf za a ce uwar fari ta yi kuka a gaban jama'a. Na haɗiye. Wallahi na ji abin ya tsaya mini a nan ƙasan maƙogwaro kamar lomar tuwon da ba miya, ya ƙi wucewa ya ƙi fitowa, haka na yi ta yawo da shi har kaka ta shigo.

A cikin wannan hali Malam Sanusi ya zo. Malamin jami'a ne, matarsa ce ke kai masa labarin waƙoƙina daga gidajen biki. Ya yi sallama da mahaifinku a zaure ya ce yana so a ɗauki waƙoƙina a faifai, a situdiyo, yadda ake yi wa manyan mawaƙa, don irin kiɗanmu na ƙwarya yana ƙarewa, yara sun koma kiɗan na'ura. Na ce ba na so, bakina ba daɗi. Mahaifinku ne ya matsa, Allah ya jiƙansa, shi kaɗai ya lura ba na cin abinci. Ya ce in je ko don in sha iska.

Situdiyon a Wusasa yake, a bayan gidan wani malamin makaranta. Ɗansa Bitrus ne mai aikin. Kirista ne, amma Bahaushe ne kamar ni da ku, kakarsa ma 'yar birni ce, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe mu. Muka je da Gambo, babbar 'yar amshina, da sauran mata, da ƙorenmu da kwanon ruwan da muke kife ƙwarya a ciki. Kai, mun sha wahala a wurin nan. Ya sa muka cire warwaro da awarwaro don na'ura na jin ƙararsu. Ya hana Gambo tauna goro. In mun ɗauko waƙa ta yi zaƙi sai ya ɗaga hannu ta bayan gilashi ya ce a sake, wai wata ta yi tari. Na ce masa, yaro, a gidan biki akuya ma shigowa take tsakiyar fili ba mu tsaya ba. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne tsawon waƙa. Mu waƙarmu ba ta da iyaka, wanda ya shigo shi ke ƙara mata tsawo: ka ga Hajiya wance ta ɗaga labule, ka jefa sunanta da na ubanta da na unguwarsu, waƙa ta ci gaba. A ɗakin Bitrus kuwa ba mai shigowa. Duk da haka bakin da ya saba bai bari ba, na ambaci Malam Sanusi da matarsa, na ambaci Gambo, na ambaci mai sayar mana da ƙore a kasuwa, har shi Bitrus ɗin na sa shi a waƙa, yana ta dariya. Daga baya ya bi wasu waƙoƙin ya zuba musu fiyano, wai don matasa.

Ranar da za mu gama, mata suka fita alwalar la'asar, ya ce in shiga ni kaɗai in sake wani baiti da muryata ta shaƙe a ciki. Akwai wani ɗan ƙaramin ɗaki a cikin ɗakin, an manne bangonsa da soso ko'ina, ƙofarsa mai nauyi. Ya sa mini abin ji a kunne ya ja ƙofar. Zulai, tun da uwata ta haife ni ban taɓa zama a wurin da ba a jin motsin kowa ba. A gidanmu mutane, a gidan miji mutane, ko banɗaki ka shiga kana jin ana daka a maƙwabta. Nan kuwa shiru, sai numfashina da ke dawo mini a kunne. Na manta da baitin da aka ce in sake. Na manta akwai mutum a bayan gilashi. Na buɗe baki, abin nan da ya tsaya mini a maƙogwaro tun damina ya taho da kansa, ba ƙwarya, ba amshi.

Na miƙa ka ban yi kuka ba,
Aka ce Talatu mai kara.
Ka wuce ta ƙofa kana sallama,
Na amsa ina kallon tukunya.
Mustafa, yau na kira ka,
Ka amsa mini ko daga can ne.

Ta fi haka tsawo, kun san ta, ba sai na maimaita ba. Da na dawo hayyacina mayafina ya jiƙe sharkaf. Bitrus ya buɗe ƙofar a hankali, idonsa ja, ya tsuguna.

“Mama, ki yafe ni, na ɗauka. Hannuna ne ya riga tunanina. In kin ce a goge, yanzu zan goge a gabanki, ba wanda zai taɓa sani.”

Na ce ya sa mini in ji. Na ji wata mata tana kiran ɗanta, kamar yadda kowace mace ke kiran nata a tsakar gida, kuma matar nan ni ce. Ya ce ya san nauyin sunan nan a bakina, don kakarsa har ta koma ga Allah ba ta kira sunan babansa ba, shi ma ɗan fari ne, saboda haka in yi tunani, kada in yanke yau. Na ji mata suna dawowa daga salla suna hira a waje. Abin da ya zo mini a rai shi ne, duk faɗin duniyar nan babu wuri ɗaya da ya nuna ni na haifi yaron nan, sai wannan.

“Bar shi,” na ce. “A sa ta a ƙarshen faifan.”

Na san za a zage ni, na kuma shirya. Da na gaya wa mahaifinku ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce magana zarar bunu ce, amma tunda na zara, in je in sanar da Yaya kafin ta ji a waje. Na tafi Limancin Kona na same ta tana tsince shinkafa, ta rame ta yi baƙi. Na ce mata, Yaya, a faifan nan na yi wa yaron nan waƙa. Sai na ga fuskarta ta saki, rabon da in ga haka tun kafin rasuwar. Ta ce Allah ya yi mini albarka, dama tana ta jira ta ga ko zan yi. Na ce har sunansa na kira fa. Ta ce to ai waƙa ce, a waƙa ana faɗin abin da ba a faɗi da baki, in mutane sun yi surutu ita za ta tare mini. Na dawo gida da sauƙin zuciya, ina cewa mai wuyar ta wuce. Ni tunanina duk yana kan sunan da na kira. Ita kuwa, na gane daga baya, ta ɗauka irin waƙar da na saba yi wa waɗanda aka yi wa rashi ce, wadda ake kiran uwar mamaci a ba ta haƙuri, a lissafa wahalar da ta sha, a roƙa mata Aljanna. Ta ji na yi wa matan da ban haɗa komai da su ba, to ina ga ita.

Faifai ya fito bayan ƙaramar salla. Aka sanar za a sa shi a rediyo da hantsi, a wani shiri da ake tattauna waƙoƙin gargajiya. Ni ina gida. Abin da ya faru a Limancin Kona Gambo ce ta ba ni labari, don tana wurin. Yaya ta share tsakar gida ta shimfiɗa tabarmi, ta aika wa maƙwabta cewa ƙanwarta ta yi mata waƙar ɗanta, su zo su ji. Ta dama kunu. Ta sa matar marigayin ta zauna kusa da ita da jaririnta. Aka sa waƙoƙin biki ana ta murmushi, ana jin sunan wance da wance, har mai ƙore. Sannan aka zo ta ƙarshe. Gambo ta ce tsakar gidan ya yi tsit, mata suna share hawaye suna satar kallon Yaya, ita kuma ta karkata kunne wajen rediyo tana jira. Na ce na miƙa ka, ban ce ga wa ba. Waƙa ta yi ta tafiya har ta ƙare, mai shiri ya fara magana. Yaya ta ci gaba da zama kamar akwai saura. Can ta miƙe ta ce wa mata su sha kunu kada ya huce, ta shiga ɗaki.

Ni a lokacin ban san wannan ba, Gambo ta ɓoye mini har aka kwana biyu. Ina can ina fama da abin da na shirya wa. A rediyon nan wani dattijo ya ce na zubar da kara, na yi abin da uwa ta gari ba ta yi, in aka bi ta tawa gobe sai a ga uwa tana rungumar ɗan fari a kasuwa. Wata malamar jami'a ta tare shi, ta ce tun da ake waƙar Hausa ba a taɓa jin abin da ke cikin uwar fari ba sai yau, kuma wannan waƙa za ta daɗe bayan an manta da su duka. Suka yi ta ja-in-ja har lokaci ya ƙare. Sani ya kawo jarida daga Kaduna ya karanta mini. Marubucin ya yi wa faifan kaca-kaca: wai fiyano ya danne ƙwarya, wai yawan kiran sunaye ya mai da waƙoƙin kamar ana rabon goron ɗaurin aure, wai muryata ta tsufa. Na ce a gaishe shi, shi da bai taɓa riƙe fili tun azahar har magariba ba. Amma da ya zo kan ta ƙarshe sai ya sauko, ya ce saboda ita kaɗai ya kamata kowane gida ya mallaki faifan, kuma abin da ya ba ta ƙarfi shi ne babu sunan kowa a cikinta sai na ɗa, uwa ce da ɗanta kawai ba na uku. Na ji daɗin wannan magana a ranar, Allah ya sani na ji daɗi. Su ne suka laƙaba mata Kukan Uwa, ni ban sa mata suna ba.

Daga nan abu ya fi ƙarfina. Masu tura waƙa a waya suka baza ta, ka shiga motar haya ka ji ta, ka wuce shagon tela ka ji ta. A cikin birni wasu gidajen suka daina kirana biki, tsofaffi na kau da kai in mun haɗu a hanya. Wasu matan kuma sai su shigo mini da rana tsaka kamar sun zo aron turmi, su zauna a bakin gado su yi ta kuka, su tashi su tafi ba su ce komai ba, na san masu 'ya'yan fari ne. Aka kira ni jami'a aka ba ni allon yabo. Abin da ban zata ba shi ne gaisuwa. Mutane suka riƙa zuwa daga Kano, daga Funtuwa, daga inda ban sani ba, suna yi mini ta'aziyyar yaron nan kamar jiya ya rasu. Na zauna a tsakiyar tabarma, ana cewa ya haƙuri, ina cewa da godiya. Ba zan yi muku ƙarya ba, na sha wannan gaisuwa kamar mai ƙishirwa.

Ana cikin haka wata mota ta ɗalibai ta shigo birni suna nemana. Suka yi tambaya da sunan marigayi, mutane kuwa suka nuna musu gidan da aka san shi, a Limancin Kona. Suka yi sallama suka ce uwar Mustafa suke nema. Yaya ta yafa mayafi ta fito zaure ta ce ga ta. Suka dube ta suka dubi hoton da ke bayan faifai, wata a cikinsu ta ce a'a, ba ke ba, ainihin uwar tasa muke nufi, mai waƙar. Yaya ta sa aka raka su har ƙofar gidan nan. Wanda ya rako su ne ya faɗa wa mahaifinku, ita kuma Gambo da ta ga abin ya kai haka ta zauna ta zazzage mini labarin ranar kunu.

Ban ko tsaya neman takalmin kirki ba na tafi. Na same ta a ɗaki, ta amsa sallamata kamar kullum, ta tura mini tabarma. Na fara magana ina rantsuwa cewa ban yi da nufi ba, waƙar zuwa ta yi, ban tsara ta ba, ban san ma ana ɗauka ba. Ta bar ni na gama.

“Na sani,” ta ce. “Da kin tsara ta ai da kin sa ni. Kin sa mai ƙore.”

Na ce Yaya ki yafe ni, zan gyara.

“Ban ce kin yi laifi ba, Talatu. Ke kika haife shi, ban taɓa mantawa ba ko da rana ɗaya, ko da ke kina nuna kin manta. Abin da na gani kawai shi ne, da yana da rai an ba ni shi, na yi wankin kashinsa, na yi jinyarsa, na rufe masa ido. Da ya mutu, ba sauran wahala sai suna, kin zo kin karɓi abinki.”

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni lafiyar yara, ta kawo mini ruwa. Na fito na bi ta lungu don kada in haɗu da wanda zai yaba mini waƙa.

Washegari na koma Wusasa. A sana'armu in ka manta wani a waƙa ba abin tashin hankali ba ne, biki na gaba sai ka sa shi, har ka ninka masa, ya huce. Haka na ɗauka za a yi. Na ce wa Bitrus ya buɗe waƙar a ƙara baiti. Ya ce zai iya ɗaukar sabuwa, amma waccan ta riga ta shiga wayoyin mutane, ko shi ba shi da iko da ita yanzu. Na ce a ɗauki sabuwar. Na shiga ɗakin soson nan na yi wa Yaya baitoci masu kyau, na faɗi ƙyanda, na faɗi kaskon ƙuli, na kira ta Habiba uwar Mustafa har ƙarshen waƙa. Aka kai rediyo suka sa ta sau ɗaya, masu sauraro suka yi ta bugo waya a mayar musu da ta asali. Mutumin jaridar nan ya sake rubutu, ya ce an matsa wa tsohuwa ta zuba wa waƙarta ruwa, ya roƙi jama'a su riƙe ta farko. Na aika wa Yaya sabuwar da Rabi. Ta karɓa ta ce an gode, ta sa a cikin kwalla ta rufe. Rabi na nan, ku tambaye ta, ko a ranar da aka raba kayan Yaya faifan na cikin ledarsa ba a ɓare ba.

Bikin da na je bayan wannan, ina ɗaga murya mata suka fara kiran Kukan Uwa, Kukan Uwa, har da masu liƙa mini kuɗi tun ban fara ba. Na duba fili na ga duk inda na je nan gaba abin da za a nema ke nan, kuma duk ranar da na rera ta na sake tura motar nan ƙofar Yaya. Na ajiye makaɗi na ce wa Gambo ta ƙarasa musu. Tun daga ranar ban sake zuba ruwa a kwanon kiɗa ba. Malam Sanusi ya yi zarya har ya gaji, ya ce ina binne abin da ba nawa ni kaɗai ba. Na ce ya yi haƙuri.

Kada ku ɗauka barin waƙar ya dawo mini da ita. Ba mu yi faɗa ba, ba ta taɓa hana ni shiga gidanta ba. In an yi haihuwa ko rasuwa muna haɗuwa, ta amsa gaisuwata cikin mutunci, ta tambayi kowa da sunansa. Amma Yayar da ke zuwa nan ta kwana, mu raba goro ɗaya muna gulmar mazajenmu, wadda ke tsefe mini kai tana zagina wai gashina kamar na buzu, wannan ban sake ganinta ba. Ban yi nadamar kiran ɗana ba, kada wani ya rubuta cewa na yi. In aka mayar da ni ɗakin nan yau zan sake kiransa. Amma na yi kewar 'yar'uwata shekaru masu yawa alhali tana nan cikin ganuwa ɗaya da ni, kuma wannan ciwon bai fi wancan sauƙi ba.

Da ciwonta na ƙarshe ya yi tsanani ta aiko a kira ni. Na tarar an jingina ta da filo, ta zama ƙashi da fata, ɗakin cike da mata. Ta ce su ba mu wuri. Na zauna a bakin gado na kama hannunta, ba ta janye ba. Ina cewa a raina yau za ta ce ta huce, ko ta ce in rera mata baitocinta. Ta yi magana a hankali, sai da na sunkuya.

“Na sa an duba mini maƙabarta. Akwai fili a gefen kabarin Mustafa, na mutum ɗaya. Na faɗa wa maza.”

Na ce Allah ya ba ki lafiya, Yaya, ki daina wannan magana.

“Ke dai ki ji. Ban san wadda za ta riga wata ba. In ke ce, kada ki nemi wurin nan.”

Na ce, “Naki ne, Yaya.”

Ta lumshe ido, ta ƙara riƙe hannuna, muka zauna haka har aka kira azahar. Ran Alhamis ta cika. Sani yana cikin waɗanda suka sa ta a kabari, da ya dawo na tambaye shi, ya ce a nan aka sa ta, dab da shi.